Kabiru Alhassan Rurum da Kujerar Shugaban Majalisar Dokokin Kano: Tambayoyi da Amsoshi

Tsakanin 2015 da 2019 manyan rigingimu uku sun ratsa ta zauren Majalisar Dokokin Jihar Kano: binciken Sarki Muhammadu Sanusi II, bidiyon dala, da raba masarautar Kano. Duka ukun mutum ɗaya ne a kan kujerar shugabanci lokacin da suka taso, wato Kabiru Alhassan Rurum. Ga tambayoyin da aka fi yi game da shi da kuma majalisar da ya jagoranta.

Wane ne Rurum, kuma ta ina ya biyo?

Sunan da ake kiransa da shi sunan gari ne a ƙaramar hukumar Rano, a Kano ta Kudu, kamar yadda 'yan siyasarmu suka saba ɗaukar sunan garinsu. Mazaɓar Rano ya wakilta a majalisar jiha. A watan Yunin 2015, bayan Abdullahi Umar Ganduje ya karɓi mulki a jam'iyyar APC, takwarorinsa suka zaɓe shi shugaban majalisa. Ya sauka a 2017, ya dawo a 2018, ya riƙe kujerar har ƙarshen wa'adin majalisar a 2019. Daga nan ya wuce Majalisar Wakilai ta Tarayya, yana wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya, aka sake zaɓensa a 2023.

Me ya sa kujerar shugaban majalisar jiha take da nauyi haka?

Majalisar Kano tana da kujeru 40, kuma ba za ta iya wuce hakan ba, domin sashe na 91 na tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ba ta gaza mutum 24 ba ta kuma haura 40. Shugabanta shi ne na uku a jiha bayan gwamna da mataimakinsa. Shi yake tsara abin da za a tattauna, shi yake ba da damar magana, a hannunsa ake naɗa kwamitoci, kuma wasiƙar gwamna ba ta zama magana a zaure sai ya karanta ta. Kasafin kuɗi, tantance kwamishinoni, amincewa da ciyo bashi, duk sai sun bi ta gabansa. Uwa-uba, takardar tsige gwamna a ƙarƙashin sashe na 188 shugaban majalisa ake miƙa wa. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa babu gwamnan da yake yarda kujerar ta faɗa hannun wanda bai aminta da shi ba.

Amma kujera ce mai santsi. Gwamna yana da rigar kariya a sashe na 308, shugaban majalisa ba shi da ita. Kuma kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa, wato mutum 27 a Kano, sun isa su sauke shi a zama ɗaya, ba sai an kafa kwamitin bincike kamar yadda ake yi wa gwamna ba.

Mene ne asalin binciken Sarkin Kano na 2017?

A watan Afrilun 2017 Sarki Sanusi ya yi jawabai masu zafi a bainar jama'a, ciki har da wanda ya yi a taron zuba jari na Kaduna, inda ya soki shirin gwamnatin Kano na ciyo bashi daga ƙasar Sin don shimfiɗa layin dogo na cikin gari. Ba a daɗe ba hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da rashawa ta jiha, wadda Muhuyi Magaji Rimingado yake shugabanta, ta fara bin diddigin kuɗin masarauta. A watan Mayu majalisa ta shigo, bayan wani ƙudiri da ɗan majalisa mai wakiltar Nasarawa, Ibrahim Gama, ya gabatar. Aka kafa kwamiti, aka ba shi mako biyu. Zarge-zargen sun haɗa da kashe kuɗin masarauta ba bisa ƙa'ida ba, tsoma baki a siyasa, kalamai a kan al'amuran addini, har da batun aika 'yarsa ta wakilce shi a wani taro a Abuja.

Kwamitin bai kai ga kammala aikinsa ba. Ranar 22 ga Mayu Rurum ya karanta wasiƙar gwamna a zaure, yana roƙon a dakatar da binciken saboda sa bakin manya, ciki har da Muƙaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo, da tsofaffin shugabannin ƙasa Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar, da Sarkin Musulmi, da attajirai Aminu Dantata da Aliko Dangote. Majalisa ta amince nan take.

A ganina nan ne aka fara kuskure, kuma kuskuren na farko ya fi na ƙarshe girma. In zarge-zargen suna da tushe, bai kamata roƙon manya ya kashe su ba, domin kuɗin masarauta amanar jama'a ce. In kuwa ba su da tushe, to tun farko bai dace majalisa ta bari a yi amfani da ita wajen jan kunnen mai sukar gwamnati ba. Ko ta wace fuska aka duba, talakan Kano bai samu amsa ba.

Gaskiya ne ya karɓi naira miliyan 100 don a rufe binciken?

Zargi ne, kuma har yau a matsayin zargi yake. Bayan dakatar da binciken, rahoto ya fito a wata jaridar intanet cewa Dangote ya ba shugaban majalisa naira miliyan 100 don a yi watsi da maganar. Rurum ya musanta, ɓangaren Dangote ma ya musanta, kuma babu wata kotu da ta same shi da wannan laifi. Duk wanda yake faɗin maganar a yau tamkar abin da aka tabbatar, yana ɗaukar alhaki. Shekaru sun wuce amma ana ta maimaita ta a Facebook duk lokacin da aka shiga kakar zaɓe, yawanci daga bakin waɗanda ko rahoton farko ba su karanta ba.

Abin da aka tabbatar shi ne zargin ya raba kan 'yan majalisa, aka fara tattara sa hannu, kuma ranar 3 ga Yulin 2017 Rurum ya ajiye muƙaminsa, yana mai cewa ya yi haka ne don kare mutuncinsa da ba da damar a bincika. Aka zaɓi Yusuf Abdullahi Ata, mai wakiltar Fagge, ya gaje shi.

To murabus ya yi ko tsige shi aka yi?

Murabus ya yi. Mutane da yawa suna haɗa biyun, amma a doka ba ɗaya ba ne. Wanda ya sauka da kansa babu ƙudirin majalisa da ya rataya masa laifi, kuma babu abin da ya hana a sake zaɓensa. Bai kuma rasa kujerarsa ta Rano ba, ya koma cikin sahu ne a matsayin ɗan majalisa kamar kowa.

Yaya aka yi ya dawo?

Ata bai yi fiye da shekara ɗaya da 'yan makonni ba. Ranar 30 ga Yulin 2018 'yan majalisa suka tsige shi, suka mayar da Rurum. Dalilan da aka bayar a zaure irin waɗanda aka saba ji ne, rashin tafiya da 'yan'uwa da gazawa wajen jagoranci. Sai dai a duba lokacin da abin ya faru: a wannan watan ne Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso ya fice daga APC ya koma PDP, zaɓen 2019 ya ƙarato, kuma gidan gwamnati yana bukatar majalisa mai kai ɗaya. Shi kuwa Ata, siyasarsa ba ta ƙare a nan ba, domin a watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi ƙaramin ministan gidaje.

Wace rawa majalisarsa ta taka a maganar bidiyon dala?

A watan Oktoban 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki faifan bidiyo da ta ce suna nuna Gwamna Ganduje yana karɓar daloli daga hannun 'yan kwangila. Gwamnati ta ƙaryata, ta ce haɗa hotunan aka yi. Majalisa a ƙarƙashin Rurum ta kafa kwamitin mutum bakwai bisa jagorancin shugaban masu rinjaye, Baffa Babba Ɗan'agundi. Jaafar ya bayyana a gaban kwamitin ranar 25 ga Oktoba, a zaman da aka yi a buɗe, ya tsaya a kan rahotonsa. Da aka gayyaci gwamna bai zo da kansa ba, kwamishinan yaɗa labarai ya wakilce shi.

Sai wata ƙungiyar lauyoyi ta garzaya Babbar Kotun Jiha, kuma a watan Disamba kotun ta yanke cewa majalisa ba ta da hurumin binciken zargin aikata laifi, wannan aikin 'yan sanda ne da hukumomin yaƙi da rashawa. Nan maganar ta tsaya a majalisa.

Dole a yi adalci a nan. Ba kowace majalisar jiha ce za ta yarda ta buɗe zama a kan gwamnan jam'iyyarta wata huɗu kafin zaɓe ba, kuma majalisar Rurum ta buɗe. Wannan abin a yaba ne. Amma sassa na 128 da 129 na tsarin mulki sun ba majalisar jiha ikon yin bincike don bankaɗo rashawa da almubazzaranci wajen kashe kuɗin da ita ta ware, kuma kuɗin kwangila kuɗi ne da ta ware. Hukuncin kotun abu ne da ya cancanci a bi shi har sama don a fayyace iyakar wannan iko, ba don Ganduje kaɗai ba, don duk gwamnan da zai zo bayansa. Majalisar ta ƙare wa'adinta ba tare da jama'a sun ga rahoton kwamitin ba. Wannan gibi ya fi damuna a duk tarihin wancan zango.

Shi ne ya raba masarautar Kano?

Ba shi kaɗai ba, amma a ƙarƙashinsa aka yi dokar farko, kuma bai taɓa ɓoye goyon bayansa ba. An gama zaɓen gwamna na 2019 da ƙyar, bayan hukumar zaɓe ta ce na 9 ga Maris bai kammalu ba aka sake zagaye ranar 23, kuma magoya bayan gwamna suna zargin Sarki da karkata ga abokin hamayyarsa Abba Kabir Yusuf. Ranar Litinin 6 ga Mayu aka karanta wata takardar koke daga wani ofishin lauyoyi mai neman ƙarin masarautu. Talata kwamiti ya kawo rahoto. Laraba 8 ga wata aka zartar da doka, gwamna ya sa hannu a ranar. Cikin kwana uku masarautar da ta shafe ɗaruruwan shekaru ta koma gida biyar: Kano, Rano, Gaya, Ƙaraye da Bichi, kowanne da sarki mai sanda mai daraja ta ɗaya. Rano ta samu ƙananan hukumomi goma.

Gaggawar ce ta kayar da dokar. Ranar 21 ga Nuwamba 2019 Babbar Kotun Kano, a ƙarƙashin Mai Shari'a Usman Na'abba, ta soke ta saboda ba a bi ƙa'idar majalisa ba, tunda daga koken wani na waje ta samo asali. Lokacin Rurum ya riga ya tafi Abuja. Sabuwar majalisa a ƙarƙashin Abdul'aziz Garba Gafasa ta sake yin wata dokar a farkon Disamba, wannan karon daga ƙudirin ɓangaren zartarwa, kuma ranar 9 ga Maris 2020 aka sauke Sanusi daga gadon sarauta.

Ke nan buƙatar masarautar Rano ƙirƙirar 'yan siyasa ce?

A'a, kuma masu faɗin haka ba su yi wa mutanen kudancin Kano adalci ba. Rano tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta ake wa kirari da Autan Bawo, kuma tana da sarautarta tun kafin jihadi. Gwamna Abubakar Rimi ya taɓa ɗaga darajar Rano da Gaya da Ƙaraye a jamhuriya ta biyu, Sabo Bakin Zuwo ya soke bayan ya karɓi mulki a 1983. Kukan cewa komai a birni yake tarewa, asibiti da manyan makarantu da ayyuka, tsohon kuka ne a yankin, kuma shi ne dai yake bayan fafutukar neman jihar Tiga. Ɗan Rano da ya ga sarkinsa ya karɓi sanda a 2019 ba rigimar Ganduje da Sanusi yake gani ba, martabar garinsu yake gani ta dawo.

Matsalar ita ce an ɗauki buƙata mai tushe aka cika ta a lokacin fushi, ba a zauna da masu naɗin sarki ba, ba a yi zaman jin ra'ayin jama'a na a zo a gani ba. Abin da aka gina a kwana uku ba wuya a rushe shi a kwana ɗaya, kuma haka aka yi. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisa mai rinjayen NNPP, a ƙarƙashin Jibrin Isma'il Falgore, ta soke dokar, Gwamna Abba ya sa hannu a ranar, aka mayar da Sanusi. A watan Yuli aka dawo da Rano da Gaya da Ƙaraye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu a ƙarƙashin Sarkin Kano. Rano ta tashi daga ƙananan hukumomi goma ta koma uku, Rano da Bunkure da Kibiya, daidai da mazaɓar da Rurum yake wakilta a Abuja.

Me ake cewa game da dokar fansho ta shugabannin majalisa?

A makon da aka yi dokar masarautu, majalisar ta kuma zartar da ƙudirin bai wa shugabanta da mataimakinsa fansho na har abada, da sauya mota bayan kowace shekara huɗu, da fita waje neman magani. Saura wata guda wa'adinsu ya ƙare. Jama'a sun yi ca a kai, kuma da gaskiyarsu: a jihar da tsofaffin malamai da ma'aikata suke jiran giratuti shekara da shekaru, babu hujjar da za ta wanke wanda ya yi wa kansa irin wannan tanadi a kan hanyarsa ta fita.

Sau nawa ya sauya jam'iyya, kuma doka ta yarda?

Ya ci zaɓen 2019 a APC. A watan Mayun 2022, lokacin da rabon takara ya ɓata ran da yawa daga 'yan Kano ta Kudu, ya koma NNPP tare da Kawu Sumaila da wasu, kuma a can ya ci zaɓen 2023. Bayan rushe masarautu a 2024 dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da Kwankwasiyya, har ya fito ya nesanta kansa da tafiyar. A watan Fabrairun 2025 shugabancin NNPP na Kano ya sanar da dakatar da shi tare da Kawu Sumaila da Aliyu Sani Madakin Gini da Abdullahi Sani Rogo, su kuma suka yi watsi da sanarwar. Cikin shekarar ya koma APC.

Doka kuwa a fili take. Sashe na 68(1)(g) ga 'yan majalisar tarayya, da na 109(1)(g) ga na jiha, sun ce wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi kafin wa'adi ya cika ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. A shari'ar Ifedayo Abegunde na jihar Ondo, Kotun Ƙoli ta ce a 2015 ɓarakar da za ta zama hujja sai ta kai matakin ƙasa, ta hana jam'iyya aiki, ba rikicin reshen jiha ba. Masu barin NNPP suna kafa hujja da rikicin shugabanci tsakanin ɓangaren Kwankwaso da na waɗanda suka kafa jam'iyyar. A aikace kuma shugaban majalisa ne yake ayyana kujera a matsayin wadda babu kowa, kuma da wuya ya yi hakan ga wanda ya shigo jam'iyyarsa.

Za a iya cewa ɗan amshin Shatan gwamna ne kawai?

Wannan hukunci ya yi sauƙi da yawa. Mutumin da aka matsa wa ya sauka, ya dawo bayan wata goma sha uku da ƙuri'ar abokan aikinsa, sannan ya ci mazaɓarsa a jam'iyyu biyu mabambanta, yana da jama'arsa da ƙarfinsa na kansa. A batun Rano ma ya tsaya a wuri ɗaya daga 2019 har 2024, ko da hakan ya raba shi da gwamnatin da suka kafa tare.

Amma majalisar da ya jagoranta ba ta da 'yancin aljihu, kuma wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne. Har zuwa 2018 kuɗin gudanar da majalisun jihohi daga hannun gwamnoni yake fitowa. A shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran sashe na 121(3) da ya ba su cin gashin kai, gwamnoni suka yi ta jan ƙafa, ya fitar da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 10 a 2020 don tilasta su, Kotun Ƙoli ta soke umarnin a Fabrairun 2022. Ɗan majalisar da motarsa da alawus ɗinsa da aikin mazaɓarsa da tikitin sake takararsa duk suke hannun mutum ɗaya, da wuya ya ɗaga murya a gaban wannan mutumin. Wannan bayani ne na yadda abin yake, ba wanke kowa ba ne, domin an ga 'yan majalisa a wannan zaure da suka ƙi bin layi a rikicin masarauta na Maris 2020, aka dakatar da biyar daga cikinsu, suka je kotu ta mayar da su.

Idan mutanen mazaɓa ba su gamsu da ɗan majalisarsu ba, sai sun jira shekara huɗu?

A rubuce ba dole ba ne. Sashe na 110 ya ba da damar yi wa ɗan majalisar jiha kiranye, na 69 kuma ga na tarayya. Ana buƙatar sa hannun fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓar, ba rabin waɗanda suka fito ranar zaɓe ba. INEC za ta tantance sa hannun, sannan ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Sharaɗin yana da tsauri ƙwarai, tunda a yawancin mazaɓu waɗanda suke fitowa zaɓen kansa ba su kai rabin masu rajista ba. Yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi ya mutu a matakin tantancewa a watan Afrilun 2018, inda sa hannun da aka iya tabbatarwa bai wuce kashi biyar da ɗoriya cikin ɗari ba, kuma na Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025 INEC ta ce bai cika adadin da doka ta nema ba.